Ragon layya tun daga cikin uwarsa ake kiwonsa



Darasin wannan karo a kan tumaki ne, da abin da za ku yi, ku da likitan dabbobi, don su riƙa haihuwa kuma ɗiyan su rayu. In anka tambayi mutum arzikin garkensa sai ya ƙirga kawuna, ya ce ina da 10, ina da 30. Mu a ma'aikatar kiwo wata tambaya muke yi: cikin shekarar da ta wuce, ɗiya nawa sunka kai yaye? A ce kana da tumaki mata 10. Biyu ba su ɗauki ciki ba, ɗaya ta yi ɓari, bakwai sun haihu, cikin ɗiyan uku sun mutu kafin su yi wata. Ka ciyar da goma, ka shayar da goma, ka biya kuɗin kiwon goma, ka tashi da ɗiya huɗu. Maƙwabcinka mai tumaki 6 da ya yaye 6 ya fi ka, ko da garkenka ya fi nashi cika ido.

Mafi yawan wannan asara ba ranar da ta auku take farawa ba. Ɗan tunkiyar da ya mutu kwana uku da haihuwa, sau da yawa tun yana ciki yunwa ta kashe shi.

Lissafin wata biyar

Tunkiya tana ɗaukar ciki wata 5, wato kamar kwana 150. In ba ta da ciki, tana neman rago duk bayan kwana 17, neman kuma ba ya wuce yini ɗaya zuwa yini da rabi. Tumakinmu na nan, uda ne ko balami ko ara-ara, suna iya ɗaukar ciki kowane lokaci na shekara in jikinsu ya yi kyau. To daga nan sai lissafi. Ranar da rago ya hau ta, ka ƙara wata biyar, ka duba mi ke akwai a daji da rumbu a wannan lokaci.

Wadda anka barbara cikin Yuli ko Agusta, lokacin ɗanyen haki, za ta haihu Disamba ko Janairu. Ƙarshen cikinta ya faɗo kan kaka da bayan kaka: ga kara a gonaki, ga harawa, ga ƙowar wake. Wannan shi ne mai sauƙi, abin tsoro kawai sanyin hunturu ga jariran. Wadda anka barbara Maris ko Afrilu za ta haihu tsakar damana. Abinci akwai, amma ga laima, ga tsutsar ciki. Ta ukun ita ce abin tausayi: wadda ta ɗauki ciki Nuwamba ko Disamba. Lokacin tana da ƙiba, tana ɗauka nan da nan, har da tagwaye. Amma haihuwarta sai Afrilu ko Mayu, tsakiyar bazara, daji ya zama fako, rumbun harawa ya ƙare, rijiya ta yi nisa.

Ba ina cewa ku hana tumaki ɗaukar ciki da kaka ba. A garin da bisashen kowa ke fita tare da makiyayi guda, raguna na yawo cikin garke, hanawar ma da wuya. Abin da nake so shi ne ku san waɗanne ne za su haihu cikin bazara, ku ajiye masu rabonsu tun ranar da kunka ɗaure harawa a kan itace ko a kan rufin ɗaki.

Dusar nan, ta wa ce?

Ga inda maganar take. Ɗan da ke ciki ba ya girma daidai wa daida cikin wata biyar ɗin nan. Wata uku na farko ɗan abu ne kaɗan. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa cikin sati 6 na ƙarshe yake yin shi. Cikin waɗannan satuttukan ne kuma hantsa ke cika, dakashi ke taruwa. Sannan ɗan ya danne tumbin uwar, ba ta iya cika ciki da busasshen kara kamar da. Buƙata ta ƙaru, wuri ya ragu. In ba ta samu abinci mai ƙarfi ba, sai ta ci naman jikinta. Abin da ke biyo baya kun san shi: ɗa ƙarami mai rawar ƙafa, hantsa kamar tsumma, uwa ta haihu ta juya ta yi tafiyarta ba ta ko lashe shi ba. Mai tagwaye kuwa wani lokaci tun kafin haihuwa take kwantawa, ta ƙi ci, ta riƙa cizon haƙora, ta yi kamar ba ta gani. In ta kai nan ceto na da wuya, ko likita ya zo.

Yanzu ku duba gidajenmu cikin bazara. Ga ragon turke a inuwa, dusa safe da marece, harawa a gabansa, ana yi mashi wanka da sabulu. Ga uwarsa da ciki wata huɗu, ta yini tana tsintar kara da leda bayan gari. Shekarun nan abin ya ƙara tsanani, don Layya ta shigo lokacin yunwar bisashe: a 2024 tsakiyar Yuni ta faɗo, a 2025 farkon Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kamar kwana 11. Ke nan shekaru da dama masu zuwa kiwon turke da cikin bazara za su riƙa haɗuwa a kan buhun dusa guda.

Mu yi lissafi. Tunkiya mai ciki, in ka ba ta giram 300 na dusa kowace rana cikin sati 6 na ƙarshe, kilo 13 ke nan ba kaɗan. Buhu mai kilo 50 ya ishi tumaki huɗu. Ragon da ake ba kilo 1 a rana har wata uku ya cinye kilo 90, abin da zai fid da tumaki bakwai daga wahala. Ban ce ku bar kiwon turke ba, shi ke kawo kuɗi a dunƙule, da shi ake biki da sayen hatsi. Amma in kana turke raguna uku alhali tumakinka mata na faɗuwa, a ganina ka turke biyu, rabon na ukun ka ba uwayen.

Ga abin da za a ba tunkiya mai kilo 35 zuwa 40 a ƙarshen ciki, bayan abin da ta samo a kiwo: harawar wake ko ta gujiya kamar rabin kilo, dusar hatsi ko ta alkama giram 300, in da hali a ƙara giram 100 na tunkuza ko angurya. Ƴaƴan gawo abinci ne mai kyau ƙwarai, kuma lokacin rani suke zuba. A tattara, a daka su sama-sama, a gauraya. Mai tagwaye a ƙara mata. Ba kowa ke da sikeli ba: ku kawo gwangwanin da kuke awo da shi gidan likitan dabbobi ko wurin mai shago a auna maku sau ɗaya, daga nan kun san awonku. Kada a fara da yawa rana ɗaya. A soma da cikin hannu, a riƙa ƙarawa har sati. Tunkiyar da ba ta saba ba, in ta samu dusa ko tsabar hatsi ko sauran tuwo ta cika ciki, tumbinta na yin tsami, ta kumbura, tana iya mutuwa kafin gari ya waye. Abinci mai funfuna kuwa a zubar.

Bayan haihuwa kada a yanke. Nono ya fi yawa cikin sati uku zuwa huɗu na farko, lokacin ma ta fi buƙatar abinci. A ci gaba har wata biyu. Ruwa kuma: mai shayarwa tana shan lita 5 zuwa 8 a rana, cikin zafi har fiye. Shan ruwa sau ɗaya bayan kwana biyu ba ya yin nono. A ajiye masu gishiri ko dutsen lasa, da ƴar kanwa kamar yadda kunka saba.

Ido na ruɗi, hannu ba ya ruɗi

Tunkiya mai ciki ko mai cike da leda a tumbi, daga nesa sai ka ce ƙiba ce. Ka kama ta, ka aza hannu a gadon bayanta, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin baya ya tsaya kamar bakin zarto, yatsunka kuma na shiga ƙarƙashin ƙasusuwan gefe ba wahala, ta rame. In kana jin ƙashin amma da nama ya lulluɓe shi, sai ka danna kake rarrabe su, ta yi daidai. In ba ka jin ƙashi sam, ƙiba ta yi yawa, ita ma tana kawo wuyar haihuwa. Ku taɓa su sau biyu aƙalla: kafin barbara, da wata ɗaya da rabi kafin haihuwa. Ramammu a ware su, su ci daban, don masu ƙarfi na ture su a bakin kwano.

Ramammar tunkiya da wuya ta nemi rago. In ka ba ta ƙarin giram 200 zuwa 300 na dusa sati uku kafin barbara da sati uku bayanta, jiki na tasowa, tana saurin ɗauka, kuma tagwaye sun fi samuwa. Mai isasshen abinci yana iya samun haihuwa uku cikin shekara biyu, wata 8 tsakani. Wanda ba shi da shi, ya bar ta ta haihu sau ɗaya a shekara ta huta. Tunkiyar da ke ɗaukar ciki tana shayarwa ba ƙari, haihuwa ta uku ko ta huɗu take karyewa. Ƴar budurwa kuma kada a bari rago ya hau ta sai ta kusa shekara, ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta. In ta ɗauka da wuri girmanta ya tsaya, ɗanta ma ba ya yin kirki.

Ragon garke

Wane rago ne ke barbarar tumakinku? Ku duba da kyau. Kowace shekara mafi kyau, mafi tsawo, mafi saurin girma shi ake ɗaurewa a turke, Layya ta zo a yanka ko a kai kasuwa. Wanda dillali ya raina shi ke saura cikin garke, shi ke zama uban ɗiyan baɗi. Shekara biyar a haka, sai a ce iri ya lalace, ko a ce ƙasa ce ta canza. Iri bai lalace da kansa ba, zaɓen tumun dare anka yi mashi.

Rago ɗaya lafiyayye ya ishi tumaki 25 zuwa 30. Masu tumaki uku-uku, huɗu-huɗu ba sai kowa ya riƙe nashi ba. Unguwa guda ko ƙungiyar mata na iya haɗa kuɗi su ajiye rago ɗaya na kirki, su raba ciyarwarsa. Ku zaɓi ɗan uwa mai nono, wanda ya fi tsaransa girma, ƙafafu miƙaƙƙu, baki ya haɗu daidai. Ku taɓa ƴaƴan marainansa: su zama biyu, girmansu ɗaya, da tauri kamar damtse, ba kumburi, ba ƙulli. Bayan shekara biyu a canza shi ko a yi musaya da wani gari, don kada ya hau ɗiyansa mata. Sauran ƴan raguna da ba a so su yi barbara, a raba su da garke tun suna wata huɗu zuwa biyar, ko a kawo a dandaƙe su da ƙarfen likita, ba jini, ba rauni a buɗe.

Abu biyu da ba kowa ya sani ba. Na ɗaya, ragon da ya yi zazzaɓi mai zafi, ko ya warke yana hawa, maniyyinsa ba ya da amfani sai bayan sati 6 zuwa 8. Tumaki su yi ta dawowa neman rago duk kwana 17, a ce su ne juya, alhali laifin na ragon ne. Na biyu, dusa zalla ba harawa, ga ƙarancin ruwa, tana sa wa rago tsakuwa a mafitsara. Sai ka ga yana yunƙurin fitsari yana kuka, ɗigo kawai ke fita. Wannan a kira likita ranar, kada a kwana. Angurya mai yawa ma tana rage ƙarfin haihuwar rago, a taƙaita mashi ita.

Masu sha'awar balami, ina tare da ku, dabba ce mai kyau da kuɗi a kasuwa. Amma babban jiki babban ciki ne. In ba ka da harawar da za ka riƙe ɗiyansa, uda ko ara-ara da sunka saba da tafiya da ƙishirwa sun fi maka. Kuma kada a sa ƙaton balami a kan ƙananan tumaki masu haihuwar fari.

Shaushawa da maganin tsutsa

Abinci ba ya tsare annoba. Babbar mai kashe tumaki da awaki ita ce annobar ƙananan bisashe, wadda likitoci ke ce wa PPR: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo, tari, masu ciki su yi ɓari. Ba ta da magani in ta kama. Tana da shaushawa, kuma allura guda tana tsare dabba shekara uku aƙalla. Tsofaffinku sun san bushiya, ƴar'uwarta ta shanu. Da shaushawa anka kore ta, har a 2011 anka bayyana cewa ta ƙare a duniya. A 2015 a Abijan ƙasashe sunka ɗauki alkawarin gamawa da PPR zuwa 2030. Don haka in ma'aikata sunka zo yaƙin shaushawa na shekara, ku fito da garke duka, daga mai wata uku zuwa sama, har da na turke, har da na mata da ke ɗaure bayan ɗaki. Masu ciki ma ana yi masu, a dai kama su a hankali, kada a matse su a ƙofa. Wasu na ɓoye raguna don tsoron alamar da ake yi a kunne, wai tana ɓata layya. Alamar ƴar ƙarama ce, kuma a fiƙihun Malikiyya tsaga kaɗan a kunne ba ta hana layya. Mai shakka ya tambayi limamin garinsu. Ku tambayi likita kuma shaushawar ciwon huhu, da ta agana, da ta saifa in ana samunta a makiyayarku. Dabbar da kunka sayo kasuwa a ɗaure ta daban sati uku kafin ta shiga garke.

Tsutsar ciki ba ta kashewa da hayaniya, shan jini take yi. Ka ja fatar idon tunkiya ta ƙasa: in ja ce, lafiya, in ta yi fari kamar takarda, jini ya ƙare. Wani lokaci haɓa na kumbura da ruwa. A ba garke magani sati uku zuwa huɗu bayan damana ta zauna, a sake da kaka. Masu kiwo bakin ruwa, Gulbin Maraɗi, tafkin Madarunfa, Korama, Magiya, Tabalak da bakin Isa, ku da ƙarin ciwon hanta, ku gaya wa likita inda tumakinku ke sha don ya zaɓa maku maganin da ya dace.

A nan ku saurara da kyau. Ƙwayar albandazol, wadda ta fi yawa a hannun mutane, ba a ba tunkiya ita cikin wata ɗaya da rabi na farkon ciki: tana iya zubar da cikin ko ta naƙasa ɗan. A ba ta kafin barbara, ko bayan ciki ya yi ƙwari. Kuma awo da nauyin dabba ake yi. Ƙwaya mai lamba 300 ta tunkiya mai kilo 40 ce. Mai lamba 2500 ta shanu ce, ba a gutsura ta da ka. In anka rage awo don tsimi, tsutsar ba ta mutuwa, sabawa take yi da maganin, baɗi ya daina ci. Maganin tebur da ya yini a rana cikin kasuwa, ba takarda, ba ranar lalacewa, da kafso mai ja da rawaya na mutane da ake ɗura wa bisashe, kuɗi ne kuke zubarwa. Ku saya wurin likitan dabbobi, na gwamnati ko mai zaman kansa, ko wurin mataimakinsa na garinku, ku tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

In tunkiya ta yi ɓari

Ɓari ɗaya na iya zama na tunkuyi, ko duka, ko yunwa. In biyu ko uku sunka yi cikin ƴan kwanaki, cuta ce, kuma yawancin cututtukan ɓari suna kama mutum. Bakkale na shiga ta ɗanyen nono da ta taɓa mahaifa. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓarke a jihar Tawa, wajen Cintabaraden, Tasara da Abalak: bisashe sunka yi ta ɓari, ƙanana sunka mutu, mutane ma sunka rasu, galibi makiyaya. Sauro ke yaɗa shi tsakanin bisashe, mutum kuma ya fi ɗauka wajen yanka da taɓa jini da ɓari.

Saboda haka kada a ɗauki ɗan ɓari ko mahaifa da hannu tsirara, a sa leda a hannu. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa wa karnuka. A ware uwar sati uku, a share wurin a ƙone shara. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin ko kaɗan, kada kuma ta karɓi haihuwar tunkiya. Nono a tafasa. A sanar da gidan likitan dabbobi ranar, don in za a ɗebi jini a aika LABOCEL a Yamai, da wuri ya fi amfani.

Ranar haihuwa da satin farko

In hantsa ta cika, gindin wutsiya ya saki, tunkiya ta ware kanta tana tonon ƙasa, haihuwa ta zo. A bar ta gida, wuri busasshe mai shara, inda iska ba ta bugawa. Yawancinsu ba su son taimako, kuma gaggawar ja ta fi kashe ɗiya bisa ga jira. Daidai shi ne a ga ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu. In faya ta fashe, ta yi awa guda tana yunƙuri ba abin da ya fito, ko kai kaɗai ya fito, ko ƙafa ɗaya, ko wutsiya, to a duba. Mai ƙaramin hannu, ya yanke farce, ya wanke har gwiwar hannu da sabulu. Ana ja ne lokacin da take yunƙuri, a ja ƙasa wajen ƙafafunta na baya, a hankali. In ka yi minti goma ba ka gane kan abin ba, ka tsaya ka kira likita. Mahaifa tana faɗowa da kanta cikin ƴan awoyi. Kada a ja ta, kada a ɗaura mata dutse. In ta wuce awa 12, ko wari ya fara, aikin likita ne.

Ɗan na faɗowa a share mashi hanci da baki, a aje shi gaban uwar ta lashe. Cibiya a tsoma ta cikin maganin iyod, a sake da marece. Toka da kashin shanu da ƙasa ba su da wuri a nan; ta cibiya ne cuta ke shiga ta kumbura gwiwoyi bayan sati biyu.

Sai dakashi. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da kariyar cuta ko kaɗan, duk a cikin nonon farkon nan mai kauri take. Hanjinsa kuma yana karɓar kariyar sosai ne cikin awa 6 na farko, bayan yini ɗaya ƙofar ta rufe. Don haka ya sha cikin awa biyu da haihuwa. A fara matsa kowane kan nono a fid da toshiyar da ke bakinsa. In ɗan bai iya tsayuwa ba, a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan yana zaune, kai ba a ɗage ba: ɗa mai kilo 3, kamar ƙaramin kofin shayi biyu a sha na farko, a maimaita sau uku ko huɗu cikin yinin. In uwar ba ta da shi, na wata tunkiya ko akuya da ta haihu ranar ya yi. Ka taɓa cikinsa ka ji ya cika. Ka sa yatsa a bakinsa, in da sanyi yana cikin hatsari, a ɗuma shi a jiki ko kusa da murhu kafin a ba shi nono.

Mai haihuwar fari da ta ƙi ɗanta, a killace su tare a ƙaramin wuri kwana biyu ko uku, a riƙa kama ta yana sha. Masu tatsar tumaki, ku bar wa ɗan nonon duka wata na farko, balle tagwaye. Daga sati biyu zuwa uku a sa masu ganyen harawa mai laushi da ruwa mai tsabta inda manya ba su kai. A riƙa share makwanci, don zawon ƙanana daga danshi da tarin kashi yake tasowa. Yaye sai wata uku zuwa huɗu.

Abu na ƙarshe, ku sayi ƙaramin littafi. Da boko ko da ajami, ko ɗan lakwal na gida ya rubuta maku: sunan tunkiya ko kamanninta, ranar barbara, ranar haihuwa, ɗa nawa, ya rayu ko ya mutu, ranar shaushawa, ranar maganin tsutsa. Da shi za ku san ranar da za a fara ƙarin dusa, wato wata uku da rabi bayan barbara. Da shi kuma za ku gane wadda za a fitar: wadda ta shekara ba ciki alhali tana ci kuma ragon lafiya lau, wadda ta yi ɓari sau biyu, wadda ɓangaren hantsarta ya mutu, da tsohuwar da haƙoranta sunka zube. Irin waɗannan a turke su wata biyu bayan kaka a sayar, kuɗin a sayi dusa tun tana da araha. In za ku zo gidan likitan dabbobi, ku zo da littafin.